Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirinmu Na Shiga Aikin Malanta

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya, a madadin ɗalibai masu koyon aikin malanta 'yan asalin Gusau da Tsafe da Bungudu



GABATARWA

Muna godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar a ba mu dama mu tsaya gaban manya mu yi magana. Bisa al'ada, a irin wannan zama sauraro ne na yaro. To amma tun da iyaye ne da kansu suka ce mu faɗi albarkacin bakinmu game da aikin da muke shirin shiga, za mu faɗa cikin ladabi, gwargwadon abin da muka karanta da kuma abin da idanunmu suka gane mana.

Mu da ake wannan jawabi a madadinmu, waɗansunmu suna Kwalejin Ilmi ta Jiha da ke Maru, waɗansu suna Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Gusau, wadda ta mata ce zalla, waɗansu kuma suna nazarin ilmin koyarwa a Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a shekarar 2013. Da yawanmu mun riga mun yi koyarwar gwaji a makarantun firamare da ƙananan sakandare na waɗannan ƙananan hukumomi uku. Abin da muka zo da shi kuwa magana ɗaya ce: a halin da ƙasarmu take ciki yau, malamin da zai zauna a ƙauyukanmu ya koyar da ƙannenmu daga cikinmu zai fito, kuma shirya wannan malami aiki ne da ya fi ƙarfin kwaleji ita kaɗai. Sai gida ya sa hannu.

GADON DA MUKA TARAR

Kafin mu yi maganar yau, ya kamata mu waiwayi jiya, domin aikin koyarwa ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Tun kafin jihadi, garin 'Yandoto da ke ƙasar Tsafe cibiyar ilmi ne wadda almajirai suke yi wa tattaki daga nesa, kuma har yau sunansa ne sarautar Tsafe take ɗauke da shi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar a ƙasar Zamfara yana karantarwa. Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, malami ne kafin ya zama shugaba. Haka zalika Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara ƙungiyar 'Yan Taru, inda take horar da jajis, ta naɗa musu malfa, ta tura su ƙauyuka su karantar da mata 'yan'uwansu. Idan aka lura, abin da ta yi shi ne ainihin horar da malamai: ta zaɓo mace daga cikin jama'arta, ta koyar da ita, ta mayar da ita gida ta koyar.

Da boko ya zo ma, malanta ce ƙofar farko. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921 domin horar da malamai aka kafa ta. Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya fara aiki ne a matsayin malami a Midil ta Sakkwato a 1931, kafin ya zama hakimin Rabah, kafin kuma a turo shi nan Gusau a 1938. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauci. Alhaji Shehu Shagari ya riƙe alli shekaru da dama kafin ya shiga siyasa. Malam Aminu Kano, wanda ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, a nan Maru, maƙwabciyar Bungudu, ya yi aikinsa na ƙarshe na horar da malamai kafin ya ajiye aiki a 1950. A wancan zamani, yaron da ya fi kowa ƙoƙari a aji shi ake zaɓa a ce ya tafi ya zama malami, kuma idan ya dawo gari, dattawa da kansu suke ba shi wurin zama.

Al'amura sun fara sauyawa ne bayan da aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976. Yara sun yi ta kwarara makarantu fiye da yadda aka zata, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, har aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekara domin ƙara wa waɗanda ke bakin aiki sani. Daga baya aka daina bayar da takardar malanta mai daraja ta biyu, wadda da yawa daga cikin iyayenmu da ke wannan zaure suka yi, aka tsayar da takardar NCE a matsayin mafi ƙanƙantar shaidar da mutum zai shiga aji da ita. A ranar 30 ga Satumba 1999 kuma aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato. Makarantu sun yawaita, wannan kuwa alheri ne. Sai dai darajar mai koyarwa ba ta tafi tare da yawan makarantun ba. A shekarar 2025, mafi ƙarancin makin da hukumar JAMB ta amince da shi domin shiga jami'a shi ne 150 cikin 400, na kwalejin ilmi kuwa 100. Ma'anar wannan a fili take: ƙofar da aka fi sassautawa ita ce ta masu zuwa su gina tushen kowa. Shi ya sa idan yaro ya ce zai tafi kwalejin ilmi, tambayar farko da ake yi masa a gida ita ce, "Ba ka sami jami'a ba ne?"

Ba za mu ɓoye wa iyayenmu ba, a cikinmu akwai wanda tun yana firamare yake sha'awar alli, akwai kuma wanda hanya ce ta biyo da shi. Amma duk wanda ya tsaya gaban aji ya ga idanun yara sun zubo masa suna jiran abin da zai faɗa, ya san cewa ko ta wace ƙofa ya shigo, amana ta riga ta hau kansa.

ABIN DA KWALEJI TA BA MU

Karatun NCE shekara uku ne. A cikinsa ɗalibi yana nazarin darussan da zai koyar, kamar lissafi ko Hausa ko Turanci ko kimiyya, sannan yana nazarin shi kansa aikin koyarwar: tarihin ilmi, da halayyar yara da yadda hankalinsu yake girma, da dabarun koyarwa, da hanyoyin auna fahimta, da tafiyar da aji. A shekara ta biyu akan yi abin da ake kira ƙaramar koyarwa, inda ɗalibi zai tsaya gaban 'yan ajinsu ya koyar na 'yan mintoci, su kuma tare da malami su fito masa da inda ya kyautata da inda ke bukatar gyara. A shekara ta uku sai a tura shi makaranta ta gaskiya ya yi zangon karatu guda yana koyarwa, malamansa suna zuwa duba shi.

Babban abin da muka ɗauka a nan shi ne, sanin abu daban, iya koyar da shi daban. An koya mana kada mu shiga aji sai da tsarin darasi a rubuce: mene ne yaro zai iya yi a ƙarshen wannan darasi wanda bai iya ba da safe? Me ya riga ya sani da za a ɗora a kai? Da wane abu za a nuna masa? Wace tambaya za a yi masa a gane ya fahimta? Waɗannan tambayoyi huɗu su ne suka raba malami da mai karanta wa yara littafi kawai.

Bayan kammala karatu kuma akwai Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, kuma tun daga 2017 take shirya jarrabawar ƙwarewa kafin ta ba mutum lasisin koyarwa. Muna maraba da wannan. Ba mu manta da abin da ya faru a Jihar Kaduna a 2017 ba, lokacin da aka yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka tsayar ba, aka sallame su. An yi ta muhawara a kan yadda aka gudanar da abin, amma mu darasin da muka ɗauka shi ne na gemun ɗan'uwa da ya kama wuta. Takarda ba ta koyarwa. Wanda ya riƙe ta shi ke koyarwa.

ABIN DA AJI YA KOYA MANA

Iyayenmu, gani ya kori ji. Da muka tattara abin da kowannenmu ya gano a wajen koyarwar gwaji, daga makarantun cikin Gusau har zuwa na ƙauyukan Tsafe da Bungudu, sai muka ga bakinmu ya zo ɗaya a kan abubuwa biyar.

Na farko, yawan yara. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Waɗansunmu sun tarar da aji da ya ninka haka sau biyu ko sau uku, yara zaune a ƙasa har bakin allo, malami ba ya da inda zai taka ya isa bayan aji. Wannan ya fi yawa a cikin gari, inda iyalan da suka baro ƙauyukansu saboda rashin tsaro suka ƙaru a kan waɗanda ke nan. A irin wannan aji, dole malami ya koyi raba yara rukuni-rukuni, ya ɗora mai ɗan ƙoƙari a kan kowane rukuni, kamar yadda alaramma yake sa gardi ya biya wa ƙolo. Ashe dabarar da muke nema a littafi tana nan a tsangayar ƙofar gidanmu.

Na biyu, kuma shi ne ya fi tayar mana da hankali, karatu. Mun tarar da yara a aji huɗu da aji biyar, har da waɗansu a ƙaramar sakandare, waɗanda za su kwafe duk abin da aka rubuta a allo da kyakkyawan rubutu, amma idan aka nuna musu kalma ɗaya a ciki aka ce su karanta, sai su sunkuyar da kai. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Shi ne yake lissafin cinikin mahaifiyarsa ba ya kuskuren ko naira ɗaya, shi ne ya haddace izu biyu ko uku. An dai wuce da shi ne tun a aji ɗaya kafin ya gane cewa kowane baƙi sauti yake wakilta, kuma daga ranar nan duk abin da aka ɗora masa gini ne a kan rairayi. Mun gwada komawa da irin waɗannan yara tushe, muna ware ɗan lokaci kowace safiya: baƙi da wasali, ba, bi, bu, sannan haɗa gaɓa da gaɓa, sannan gajeriyar jimla. Da muka ce musu wannan shi ne babbaƙu da farfaru irin na makarantar allo, sai fuskokinsu suka washe, domin sun san hanyar. Kafin zango ya ƙare, da yawansu sun fara tsintar kalmomi da kansu. Ranar da yaro ya karanta sunan garinsu a jikin allo ba tare da an faɗa masa ba, wanda ya koya masa ba ya mantawa da ita.

Na uku, harshe. An daɗe ana kai-kawo a kan wannan batu. Manufar ilmi ta daɗe tana cewa a koyar da yaro da harshen uwa a shekaru uku na farko. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a kai shi shekara shida, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan tsari da komawa ga Turanci. Mu ƙananan ma'aikata ne, abin da hukuma ta tsayar shi za mu bi. Amma ko wace doka aka kafa, yaron Nahuce ko na Bilbis da Hausa zai shigo aji, kuma malamin da zai kai shi ga Turanci sai ya bi da shi ta abin da ya sani. An ma gwada wannan a jiharmu: shirin RANA, wanda asusun UNICEF ya ɗauki nauyi a Katsina da Zamfara daga 2015, ya mayar da hankali ne ga koyar da karatu da Hausa a azuzuwan farko na firamare. Bugu da ƙari, akwai wani abu da baƙo ba zai lura da shi da wuri ba. Yaronmu "tahi" yake cewa, littafi kuwa "tafi" ya rubuta. Yana cewa "biyat", littafi ya ce "biyar". Yana cewa "wanga", littafi ya ce "wannan". Idan ya rubuta abin da kunnensa ya saba ji, ya nuna ya gane aikin baƙaƙe ke nan. Malamin da ya san haka zai yaba masa, sannan ya nuna masa yadda ake rubutawa a daidaitacciyar Hausa, ba tare da ya sa shi jin kunyar harshen kakanninsa ba.

Na huɗu, kayan aiki. A makarantu da yawa littafi ɗaya ne, shi ne na hannun malami. Mun koyi yin abin koyarwa da abin da ke kusa: murafun kwalba da 'ya'yan tsamiya domin ƙirga, karan dawa domin awo, kwalin da aka yar a kasuwa domin rubuta baƙaƙe, musamman masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda yara suka fi rikicewa a kansu. Wannan yana taimakawa, amma ba ya maye gurbin littafi. Da yawa daga cikin iyayenmu da ke nan da Ka Koyi Karatu suka fara, suka wuce zuwa Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam. Akwai ƙannenku a yau da za su gama firamare ba su taɓa riƙe littafin labari a hannunsu ba.

Na biyar, zuwa makaranta. Rajista tana cika a farkon zango, amma ranar kasuwa aji yakan rame, haka lokacin shuka da lokacin kaka, 'yan mata kuma talla takan ɗauke su tun hantsi. Mun lura cewa tsawa da bulala ba sa dawo da yaro aji. Abin da yake dawo da shi shi ne malami ya taka har ƙofar gida, ya gaida mahaifin, ya zauna a tabarma ya yi masa bayani. Wannan kuwa ya fi sauƙi ga wanda idan ya yi sallama za a ce, "A'a, ɗan gidan wane ne, shigo."

Ba za mu rufe wannan babi ba sai mun jinjina wa tsofaffin malaman da muka tarar a bakin aiki. Akwai wanda ya yi shekara talatin yana taka keke zuwa makaranta ɗaya, ya san kowane yaro da sunan kakansa. Su ne suka koya mana yadda ake kiran rajista, da yadda ake rubutu a allo ba tare da an juya wa yara baya gaba ɗaya ba, da yadda ake sa aji ya yi tsit ba tare da ɗaga murya ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

BATUN TSARO DA MALAMAI MATA

Duk wanda zai yi maganar makaranta a Zamfara bai taɓo tsaro ba, bai gama magana ba. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka sace 'yan mata 279 a makarantar sakandare ta Jangebe. A ranar 1 ga Satumba na wannan shekara aka kwashe ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun, abin da ya sa gwamnati ta rufe makarantun jihar na wani lokaci. A ranar 22 ga Satumba 2023 kuma aka shiga Sabon Gida ta ƙasar Bungudu aka tafi da ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau. A watan Nuwamba na 2023 gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilmi. Waɗannan abubuwa a gabanmu suka faru, kuma da saninsu muka ci gaba da wannan karatu.

Sakamakon wannan hali shi ne, malamin da ya fito daga wata jiha, wanda a da yake zuwa ya zauna a ƙauyenmu shekara da shekaru, yanzu da wuya ya yarda. Ba ma nan kaɗai ake neman malamai ba: rahoton hukumar UNESCO na 2024 ya nuna duniya tana bukatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Saboda haka babu wata ƙasa da za ta aiko mana da rarar nata. Wanda zai iya zama a Keta ko Magami ko Kwatarkwashi shi ne wanda gonar ubansa take can, wanda ya san hanya, ya san lokacin fita da lokacin komawa, kuma jama'a suka san shi.

Wannan ya fi ƙarfi a wajen mata. Uba yakan fi sakin jiki ya bar 'yarsa a makaranta idan ya san akwai malama a ciki, musamman idan 'yar garin ce. An taɓa gwada wani tsari a ƙarƙashin shirin ilmin 'ya'ya mata na UNICEF da gwamnatin Birtaniya, wanda kashinsa na uku ya gudana daga 2012 zuwa 2022 kuma ya haɗa da Zamfara. A tsarin, akan zaɓo yarinya daga karkara, a ɗauki nauyin karatunta na NCE, bisa sharaɗin ta koma yankinsu ta koyar na shekara biyu. Wannan shiri ya ƙare, amma dabarar ba ta mutu ba, kuma tun asali tamu ce, domin ita ce ta Nana Asma'u da jajinta.

ROƘONMU GA WANNAN ƘUNGIYA

Mun san ɗawainiyar da ke kanku a birane, mun kuma ga ayyukan da ƙungiya take yi wa gida. Albashi da ɗaukar ma'aikata haƙƙin gwamnati ne. A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba 2020, Gwamnatin Tarayya ta yi wa malamai alkawura, daga ciki aka sa hannu a dokar 2022 da ta kai shekarun ritayar malami zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, ƙungiyar malamai ta ƙasa kuma ta sha tunatarwa a kan sauran. Amma akwai abin da gida zai iya yi ba tare da jiran kowa ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon abubuwa shida:

1. A ware wani kaso na tallafin karatun da ƙungiya take bayarwa domin masu karatun malanta kaɗai, a fifita 'yan mata da 'yan ƙauyukan da ke fama da ƙarancin malamai, bisa yarjejeniya a rubuce, a gaban mai unguwa ko dagaci, cewa za su koma su koyar a gida na aƙalla shekara biyu.

2. A taimaka wa ɗalibai da kuɗin mota da na kayan koyarwa a lokacin koyarwar gwaji. Rashin wannan ɗan abu shi ke sa kowa ya nemi makarantar cikin gari, a bar na ƙauye babu kowa.

3. Iyayenmu tsofaffin malamai da hedimastoci da sufetocin makarantu da suka yi ritaya, waɗanda suke da yawa a wannan ƙungiya, su riƙa ware mana kwana biyu ko uku a lokacin hutu ko bayan salla, su zauna da mu, su duba tsarin darasinmu, su ba mu abin da shekaru suka koya musu.

4. Ƙungiya ta yi amfani da muryarta a wajen hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha da sassan ilmi na ƙananan hukumomi. Akwai yayyenmu da suka gama NCE suna zaune a gida ko suna acaɓa, alhali ga azuzuwa babu malami. Idan an tashi ɗaukar aiki, ku tsaya a ɗauki wanda ya cancanta, ko da ba ɗan kowa ba ne. Alfarmar da za ta sa wanda bai iya ba a gaban aji, yara sittin ko ɗari ne za su biya bashinta.

5. Idan za a yi wa makaranta aiki, a tuna da littattafan karatu na Hausa da na Turanci masu sauƙi, da alli, da tabarmi, kamar yadda ake tunawa da fenti da ƙofar shiga. A danƙa su ga kwamitin kula da makaranta na garin, a kuma riƙa tambayar hedimasta abu ɗaya duk shekara: yara nawa ne a aji uku suke iya karatu?

6. A dawo wa malami da girmansa, a fara daga cikin gidajenmu. A daina cewa ladan malami sai a lahira, domin shi ma yana da iyali a duniya. Idan ɗanku mai ƙoƙari ya ce yana son koyarwa, ku sa masa albarka. A kowane taron shekara kuma a kira malamin firamare ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma a karrama shi a gaban jama'a, kamar yadda ake karrama masu muƙami.

KAMMALAWA

Tun da mun yi roƙo, wajibi ne mu ma mu ɗauki alkawari, kuma muna so wannan zaure ya zama shaida. Za mu shiga aji a kan lokaci, da darasi a shirye. Ba za mu wuce da yaro gaba ba alhali mun san bai iya karatu ba. Ba za mu sayar da maki ba, ba kuma za mu taimaka wa satar jarrabawa ba. Za mu tsare mutuncin 'ya'yan mutane, maza da mata, kamar yadda za mu tsare na ƙannenmu na ciki ɗaya. Za mu ci gaba da neman sani bayan mun karɓi takarda, domin rijiyar da ba ta da idon ruwa ba ta daɗewa ana ɗiba. Wanda kuma ƙungiya ta ɗauki nauyinsa a cikinmu, zai koma inda aka ce ya koma.

Iyayenmu da yayyenmu, babu likita ko injiniya ko alƙali ko babban sakatare a wannan zaure wanda ba wani malami ne ya kama hannunsa ya koya masa riƙe fensir ba, a wani aji a Gusau ko Tsafe ko Bungudu ko wani ƙauye da ke kewayensu. Waɗancan malamai da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, waɗanda suka rage kuma ƙarfinsu ya ja baya. Yaron da zai gaji kujerunku nan da shekara talatin yana aji ɗaya a yau, yana zaune a ƙasa yana jiran wanda zai shigo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mun miƙa wuya ga wannan aiki. Abin da muke nema shi ne ku shirya mu tun yanzu.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, ya ƙara wa wannan ƙungiya haɗin kai, ya kuma mayar da kowa masaukinsa lafiya.